Tambayoyi da Amsoshi Kan Saita Tsarin Fim da Lambar Lokaci a Rumbun Bayanan Tace Hoto

Mai tace hoton da aka ɗauka a kan zaren fim ba ya taɓa zaren da hannunsa. Abin da ke gabansa a kwamfuta kwafi ne na bidiyo, shi kuwa negatif na asali, wato zaren da ya fito daga kyamara, yana can a ajiye har ranar da za a yanka shi, ko a sa shi a sikana don fitar da hoto mai cikakken inganci. Rumbun bayanai ne ke riƙe da dangantakar da ke tsakanin kwafin da asalin, kuma tambayoyin da ke ƙasa sun shafi saitunan da ake cikewa a cikinsa kafin a fara aiki.

Mene ne ainihin aikin rumbun bayanan?

Aikinsa lissafi ne. A kowace ɗauka ana nuna masa firam guda ɗaya wanda aka tabbatar da lambobinsa biyu, wato lambar gefe da masana'anta ta buga a jikin zaren, da lambar lokaci da firam ɗin ya samu sa'ad da aka juye shi zuwa bidiyo a na'urar telesine. Daga wannan mahaɗa yake ƙirga gaba da baya, har ya gano lambar gefen da ta dace da duk wurin da mai tace hoto ya yanka, sannan ya fitar da jerin yanka wanda mai yanka negatif zai bi.

Rumbun ba ya kallon hoto, kuma bai san abin da ya faru a wurin ɗauka ba. Abin da aka faɗa masa kawai yake aiki da shi. Saboda haka saitunan nan ba zaɓin son rai ba ne, shaida ce mutum yake bayarwa a kan yadda aka riga aka ɗauki hoton da yadda aka juye shi. Wanda ya ba da shaidar da ba daidai ba kamar mai awo ne da ya auna gero da tiya ya rubuta adadin da sunan mudu: lissafin takardarsa ba zai nuna wani aibi ba, sai ranar cika buhu.

Waɗanne saituna ake cikewa tun farko?

Abubuwa huɗu ne: tsarin zaren fim, tsarin lambar lokacin bidiyo, tsarin lambar lokacin sauti, da gudun da zaren ya yi a telesine. Haka suke a manhajar Cinema Tools ta kamfanin Apple, wadda ta samo asali daga FilmLogic, ta fito da sabon sunanta a 2002, aka kuma daina ta a 2011 tare da tsohon Final Cut Studio. Media Composer na kamfanin Avid yana neman waɗannan bayanai, sai dai wasu yana karɓarsu lokacin buɗe sabon aiki, wasu kuma a jadawalin da ke ɗauke da bayanan kowane guntun hoto.

Mene ne bambancin 35mm mai huda 4, da mai huda 3, da 16mm a wajen lissafi?

Zaren 35mm yana da huda 64, wato ƙananan ramukan da ke jere a gefensa, a kowace ƙafa. A tsarin da aka fi sani, kowane firam yana cin huda 4, don haka ƙafa ɗaya firam 16 ce cif, kuma idan ana gudu a kan firam 24 a sakan, ƙafa 90 ke wucewa a minti ɗaya. Naɗin ƙafa 1,000 yana ɗaukar firam 16,000, wato minti 11 da 'yan sakanni.

Mai huda 3 ya fi wahala. Ana amfani da shi ne don yana rage kashi 25 cikin ɗari na zaren da ake kashewa, amma 64 ba ta rabuwa da 3, shi ya sa ƙafa ɗaya take zama firam 21 da sulusi. Lambar gefe kuwa tana nan a wurinta bayan kowace huda 64, ba ruwanta da girman firam, don haka matsayinta a jikin firam yana gocewa daga ƙafa zuwa ƙafa, sai bayan ƙafa uku, wato huda 192 ko firam 64, ake komawa inda aka faro. Ƙirgar takan tafi 21, 21, 22. Wannan ne ya sa a aikin huda 3 bai isa a rubuta lambar gefe da adadin firam ba, dole a san a kan wace huda ce alamar ta faɗo, in ba haka ba rumbun zai riƙa kuskuren firam ɗaya nan da can.

Zaren 16mm yana da firam 40 a ƙafa, huda ɗaya ga kowane firam, kuma ƙafa 36 ke wucewa a minti. Lambar gefensa tana zuwa ne bayan kowane firam 20, wato rabin ƙafa, abin da ya sa ake ganin an rubuta 16mm 20 a jerin zaɓi.

Misali guda ya isa ya nuna girman ɓarnar zaɓen da ba daidai ba. Firam 1,000 daga mahaɗa, a 35mm mai huda 4, ƙafa 62 ce da firam 8. A mai huda 3 ba ta kai ƙafa 47 ba. A 16mm lambar gefe za ta ƙaru da 50.

Yaya ake karanta lambar gefe?

Tsarin da ake amfani da shi a yau shi ne KeyKode, wanda kamfanin Kodak ya fitar a 1990, ya haɗa lambar da ido ke karantawa da zanen layukan da na'ura ke karantawa. Lamba kamar KJ 29 1234 5678+07 tana da sassa uku. Harafin farko na masana'anta ne, K na Kodak, F na Fuji, na biyu kuma yana nuna irin zaren. Lambobi shida da suka biyo baya na wannan naɗin ne, ba sa canzawa daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Huɗun ƙarshe su ne ke ƙaruwa da ɗaya a kowace ƙafa a 35mm, ko a kowane rabin ƙafa a 16mm. Abin da ke bayan alamar tarawa ba a buga shi a zaren ba, ƙirga ce ta yawan firam daga wanda ke ɗauke da ɗigon sifili, wato ɗigon da ke nuna firam ɗin da lambar take nufi. A 35mm mai huda 4 wannan ƙirga ba ta wuce 15, a 16mm ba ta wuce 19. Duk wanda ya ga +17 a aikin da aka ce masa mai huda 4 ne, to ya tsaya ya bincika.

Akwai kuma lambar tawada, wadda ake bugawa daga baya a jikin kwafin aiki da zaren sautinsa bayan an daidaita su. Gurbinta daban ne a rumbun, kuma bai kamata a cuɗa ta da lambar gefe ba.

Me ya sa lambar lokaci ta 30 ta kasu biyu, DF da NDF?

Lambar lokaci, wadda ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta SMPTE ta tsara ƙa'idarta, tana ba kowane firam adireshi mai sassa huɗu: awa, minti, sakan, firam. A Amurka talabijin ya faro ne da firam 30 a sakan, amma da aka amince da tsarin launi na NTSC a 1953 sai aka rage gudun kaɗan, ya koma 30,000 a raba da 1,001, wato kusan 29.97. Lamba ba ta ƙirga guntun firam, don haka ta ci gaba da ƙirga 30 a kowane sakan, kuma kafin ta nuna awa ɗaya, agogon bango ya riga ya wuce awa ɗaya da sakan 3.6. Wannan ita ce NDF, marar tsallake.

Gidajen talabijin suna buƙatar lambar da ta dace da agogo, sai aka fito da DF, mai tsallake. A farkon kowane minti tana tsallake lamba 00 da 01, ban da mintocin da suka ƙare da sifili. Bayan 00:00:59;29 sai 00:01:00;02. A minti goma an tsallake lamba 18, a awa ɗaya 108, wanda ya bar firam 107,892 a awa. Lambobi kawai ake tsallakewa, babu firam ɗin hoto ko ɗaya da ake zubarwa. Ana gane ta da waƙafi mai ɗigo da ake sawa kafin adadin firam.

To wanne ya kamata a zaɓa?

Wanda ke jikin kaset ko fayil ɗin. Idan kuwa ba a riga an juye hoton ba, kuma ana da ta cewa, a nemi NDF, domin a aikin fim ƙirgar da ba ta tsalle ta fi ƙirgar da ta dace da agogo amfani.

Yadda kuskuren wannan saiti yake bayyana ya danganta da yadda aka gina rumbun. Idan mahaɗa ɗaya ce ga dukan naɗin kyamara, saɓanin yana taruwa: a minti na ashirin ya kai firam 36 na bidiyo, wato kusan firam 29 na fim, ƙafa biyu saura kaɗan a 35mm, kuma wannan da wuya ya ɓuya. Idan kuwa kowace ɗauka tana da mahaɗarta, yawancin yanka za su fito daidai, sai waɗanda iyakar minti ta ratsa tsakaninsu da mahaɗarsu ne za su goce da firam biyu na bidiyo. Wannan na biyun ya fi haɗari a ganina, domin mutum zai iya duba wurare goma ya same su lafiya, ya sa hannu a jerin, alhali na goma sha ɗaya a goce yake.

Ta yaya firam 24 ke zama 29.97, kuma me ya shafi rumbun bayanai?

Da farko ana rage gudun zaren da kashi 0.1 cikin ɗari, ya koma 23.976. Sannan a yi amfani da cewa kowane firam na bidiyon NTSC ɓari biyu ne. Ana ɗaukar firam huɗu na fim, a kira su A, B, C, D, a shimfiɗa su a kan ɓari goma: A ya samu biyu, B uku, C biyu, D uku. Firam huɗu na fim sun zama biyar na bidiyo ke nan, kuma biyu daga cikin biyar ɗin gauraye ne, ɓari ɗaya daga wannan firam, ɗayan daga na gaba.

Firam A ne kaɗai ya cika firam guda na bidiyo ba tare da ya tsallaka zuwa wani ba, shi ya sa ake ɗaura mahaɗa a kansa. Al'adar ɗakunan telesine ita ce a sa A ya faɗo a lambar lokacin da ta ƙare da 0 ko 5, kuma wannan tsari yana tafiya lami lafiya a NDF, wanda ƙarin dalili ne na fifita ta. Saitin gudun telesine a nan 24 ne ko da yake bidiyon 29.97 ne. Wanda ya sa 30 don ya ga lambar lokacin 30 ce, ya gaya wa rumbun cewa firam ɗaya na bidiyo daidai yake da firam ɗaya na fim, kuma duk tsawon da zai lissafa zai zarce gaskiya da kashi ɗaya cikin huɗu.

Ko da saitin ya yi daidai, tace hoto a kan 29.97 yana barin ɗan saɓani, saboda ana iya yanka a kan firam ɗin da ba shi da takwara guda a zaren, sai manhaja ta ƙara ko ta rage firam ɗaya don tsawon ya daidaita. Maganinsa shi ne a cire ɓarin da aka ƙara kafin a fara aiki, a tace a kan 24 ko 23.976.

A ƙasashen da talabijin ke gudu a kan firam 25 fa?

Nan lamarin ya fi sauƙi, kuma nan ne Najeriya da Nijar suka faɗo, domin tsarin PAL da Najeriya ta bi da SECAM da Nijar ta bi duk firam 25 ne a sakan. Lambar lokaci ta 25 tana tafiya daidai da agogo, ba ta da DF.

Idan a kan 25 aka ɗauki hoton, babu abin lissafi: firam ɗaya na fim, firam ɗaya na bidiyo. Idan a kan 24 aka ɗauka, hanyoyi biyu ne. Ta farko, wadda ake rubutawa 24@25, ita ce a ƙara wa zaren gudu zuwa 25. Dangantakar ɗaya da ɗaya tana nan, wanda shi ne abin da rumbun bayanai ya fi so, amma hoton yana sauri da kimanin kashi 4 cikin ɗari, fim mai minti 90 ya koma minti 86 da sakan 24, murya kuma ta ɗan yi sama idan aka ja ta tare da hoton. Masu tace hoto sukan mayar da gudun zuwa 24 a kwamfuta, su bar lambar lokacin tana ƙirga 25, kuma dole rumbun ya san haka, domin awa ɗaya ta wannan lamba firam 90,000 ce, wadda a gudun 24 take cin minti 62 da rabi. Hanya ta biyu tana barin gudun a 24, ta ƙara ɓari ɗaya bayan kowane firam 12. Tana kiyaye tsawon lokaci da sauti, amma tana dawo da matsalar firam gauraye, don haka ba ita ce ta dace da aikin da zai ƙare a yanka negatif ba.

Shin 23.976 da 24 ba abu ɗaya ba ne?

A ƙirga abu ɗaya ne, duka biyun lambarsu tana tafiya daga 00 zuwa 23, kuma babu DF a cikinsu. A gudu ne suka bambanta da firam ɗaya cikin dubu. Jerin yanka ba zai nuna bambancin ba, sauti ne zai tona shi. Wasu manhajoji suna rubuta 23.98, wasu na'urori ma suna rubuta 24 alhali 23.976 suke nufi, don haka a duba bayanan fayil ɗin kansa.

Me ya sa sauti yake da saitinsa daban?

Domin a na'ura daban ake ɗaukarsa, kuma ba dole ba ne lambar lokacinsa ta zama irin ta hoto. A Amurka an daɗe ana ɗaukar hoto a kan 24, sauti kuma da lambar 30 NDF, sannan a rage wa duka biyun gudu da kashi 0.1 a telesine, sautin ya koma 29.97. Idan aka rage wa hoto aka manta da sauti, baki da murya za su rabu da firam ɗaya a kowane sakan 42 ko kusa da haka, wanda a ɗauka mai minti goma ya kai firam 14. Haka nan sautin da aka ɗauka a kan samfur 48,000 a sakan yana komawa 47,952 idan aka rage shi, shi ya sa wasu masu ɗaukar sauti suke ɗauka a kan 48,048 don ya sauka a kan 48,000 daidai.

Akwai wani abu game da fayilolin sauti na BWF, tsarin da ƙungiyar EBU ta Turai ta fitar a 1997, wanda ya kamata kowane mataimakin mai tace hoto ya sani. Fayil ɗin ba ya ajiye lambar lokaci a matsayin awa da minti da firam. Abin da yake ajiyewa shi ne yawan samfurin sauti daga tsakar dare zuwa farkon ɗaukar, manhaja ce ke juya wannan adadi zuwa lambar lokaci bisa tsarin da aka gaya mata. Fayil guda zai nuna lamba daban idan aka karanta shi da 25, daban idan aka karanta shi da 29.97 NDF, kuma da yake ƙirgar daga tsakar dare take farawa, saɓanin kashi 0.1 a ɗaukar da aka yi da ƙarfe goma na safe ya kai sakan 36. Takardar rahoton mai ɗaukar sauti ce ke raba gardama.

Za a iya canza saitin bayan an fara aiki?

Ya danganta da manhaja. A Cinema Tools saitunan farko su ne ake liƙa wa kowace sabuwar shigarwa, kuma kowace shigarwa tana riƙe da nata, saboda haka gyara saitin gaba ɗaya ba ya wadatarwa, sai an koma an duba tsofaffin. A Media Composer gudun firam na aiki yana kafuwa ne tun ranar buɗe shi. A DaVinci Resolve ma gudun aikin yana kullewa da zarar an shigo da hoto.

Idan aiki ya haɗa 35mm da 16mm, kowace shigarwa ta ɗauki tsarinta, kuma a fitar wa kowane zare jerinsa daban.

Idan ɗakin telesine ya ba da fayil ɗin bayanai, akwai sauran buƙatar dubawa?

Akwai. Fayilolin FLEx, da ATN na Aaton, da FTL na Evertz, da ALE na Avid suna rage wahalar shigar da lambobi da hannu, amma na'urar karanta layukan gefe tana iya kuskure, musamman a wurin da aka haɗa naɗi biyu ko inda haske ya ci gefen zaren. Shi ya sa ake neman a buga lambobin a jikin hoton bidiyon, a kuma huda firam guda a farkon kowane naɗi a rubuta lambar gefensa da ido. Hanyar dubawa ita ce a kwatanta abin da rumbun ya lissafa da abin da ke rubuce a hoton, a farkon ɗauka da kuma ƙarshenta. Idan saɓanin bai canza ba daga farko zuwa ƙarshe, mahaɗar ce ta goce. Idan yana ƙaruwa, saitin tsari ne ba daidai ba. Idan lambar gefe tana raguwa maimakon ƙaruwa, an juya zaren ne, kuma dole a shaida wa rumbun.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne yankan negatif ba ya gyaruwa. Haɗi da gam yana cin wani ɓangare na firam ɗin da ke maƙwabtaka da wurin yanka, don haka firam ɗin da aka yanka bisa kuskure ya tafi ke nan.

Daga wace lamba ake fara ƙirga a jerin ƙarshe?

Fim mai tsawo ana raba shi kashi-kashi, kowane kashi bai wuce ƙafa 2,000 ba, wato kimanin minti 22, kuma al'ada ita ce kashi na ɗaya ya fara da awa 01, na biyu da awa 02, haka har ƙarshe. A 35mm ana fara ƙirga daga firam na farko na zaren share fage, guntun da ake haɗawa kafin hoto, a kan 0+00, wato ƙafa 0 da firam 0. Ɗan ƙaran daidaita sauti yana zuwa a 9+00, wato 01:00:06:00, hoton farko kuma a 12+00, wato 01:00:08:00, bayan firam 192. Mai tace hoto da mai haɗa sauti da mai yanka negatif su amince da wannan tun farko, a kuma rubuta shi a saman jerin.

Yanzu da yawancin aiki na dijital ne, wannan duka bai zama tarihi ba?

Lambar gefe ta rage ga masu ɗauka a kan zare da masu farfaɗo da tsofaffin fina-finai, irin aikin da ake yi a ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos. Lambar lokaci kuwa ba ta je ko'ina ba. Mai tace hoto yana aiki da ƙananan kwafi, daga baya a koma ga manyan fayilolin kyamara, kuma sunan naɗi da lambar lokaci ne ke mayar da shi can. Jerin yanka na EDL, na tsarin CMX 3600, wanda har yanzu ake musayarsa, yana bayyana a samansa ko DF ne ko NDF, ba ya ɗaukar yanka sama da 999, kuma sunan naɗi a cikinsa ba ya wuce harafi takwas, don haka katunan kyamara biyu da sunayensu suka yi kama a haruffa takwas na farko za su rikice. Hoton da aka ɗauka da waya yana kawo tasa matsalar, domin wayoyi da yawa ba sa riƙe gudu ɗaya daga farkon ɗauka zuwa ƙarshe, kuma ba sa rubuta lambar lokaci ta ƙa'ida. Irin wannan hoto sai an juye shi zuwa gudun aikin, 25 ko 24, an ba shi sunan naɗi da lambar lokaci, kafin a shigar da shi rumbun, kuma sabon fayil ɗin ne za a riƙa ɗauka a matsayin asali.